Kiyasin abin da ake cirewa kafin haraji: kira ga masu ƙananan kamfanoni da hukumar haraji

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda masu ƙananan kamfanoni a garuruwanmu ke kiyasta kuɗaɗen da doka ta yarda a cire daga cinikinsu kafin a yanka musu haraji. Sana'ata ita ce rubuta wa irin waɗannan kamfanoni littattafan lissafi a nan Kano, kuma abin da nake gani kowace shekara shi ne mutane masu gaskiya, waɗanda ba su da niyyar cutar gwamnati ko da anini, suna biyan haraji a kan ribar da ba su taɓa ci ba, saboda kawai sun bar kiyasin har sai da wa'adi ya zo wuya, sannan suka yi shi da ka.

Tushen maganar shi ne cewa harajin kamfani a kan riba yake, ba a kan ciniki ba. Sai dai ribar da ɗan kasuwa ya sani daban take da ribar da doka ta sani. A wurin ɗan kasuwa, riba ita ce abin da ya rage bayan duk abin da ya fita daga hannunsa. A wurin doka kuwa, riba ita ce abin da ya rage bayan an cire kuɗaɗen da ita dokar ta amince da su, kuma mai kamfani ya iya kawo shaidar ya kashe su. Tsakanin waɗannan ribobi biyu akwai rami mai zurfi, kuma a cikinsa ne ƙananan kamfanoni da yawa suke faɗawa. Ya kamata kuma mai karatu ya bambance tsakanin wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, wanda harajinsa na mutum ne kuma hukumar harajin jiha ke karɓa, da wanda ya yi rajistar cikakken kamfani, wanda doka ke kallonsa a matsayin wani mutum dabam da mai shi, kuma gwamnatin tarayya ke karɓar harajin ribarsa. Da wannan na biyun nake magana. Tun da Dokar Kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya tak damar kafa kamfani mai zaman kansa, matasanmu da yawa sun yi rajista domin neman kwangila ko rancen banki, ba tare da wani ya zaunar da su ya faɗa musu nauyin da suka ɗauka ba.

Na san wani zai ce ai an yafe wa ƙananan kamfanoni haraji, don haka maganar ba ta shafe shi ba. Gaskiya ne cewa Dokar Kuɗi ta 2019 ta ce kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba, ba zai biya harajin riba ba, wanda ke tsakanin nan da miliyan 100 ya biya kashi 20 cikin ɗari, wanda ya haura ya biya kashi 30. Gaskiya ne kuma cewa sababbin dokokin haraji huɗu da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a ranar 26 ga Yunin 2025, waɗanda a ƙarƙashinsu hukumar harajin tarayya ta FIRS ta koma NRS, sun ɗaga iyakar cinikin da ake yafe wa haraji sama, tare da sharaɗin cewa kadarorin kamfanin na dindindin kada su wuce naira miliyan 250, kuma sun fitar da masu ayyukan ƙwararru daga wannan rukuni. Amma yafe biyan haraji bai yafe miƙa bayanin shekara ba. Kamfani, ƙarami ko babba, dole ne ya miƙa lissafinsa cikin wata shida bayan rufe shekararsa, kuma wanda ya makara akwai tarar da ke ƙaruwa a kansa kowane wata. Bayan haka, da ciniki ake auna ƙanƙantar kamfani, ba da riba ba, kuma a wannan zamani na tsadar kaya mutum yana iya sayar da adadin buhunan da ya saba sayarwa, ko ma ƙasa da haka, ya wayi gari cinikinsa ya tsallake iyaka alhali ribarsa ba ta motsa ba. Ranar da ya tsallake, ranar ce za a tambaye shi takardu, kuma takardun shekara guda ba a dare ɗaya ake haɗa su ba.

Ma'aunin da doka ke ɗora kowane kuɗi a kai ba ɓoyayye ba ne. Tsohuwar Dokar Harajin Kamfanoni ta ce sai kuɗin ya kasance an kashe shi gaba ɗayansa domin neman ribar kamfanin, ba a haɗa shi da wata manufa ba, kuma ya zama dole, ya kuma dace da hankali. Sabuwar dokar ta riƙe ginshiƙai biyu na farko. Saboda haka kuɗin kayan da aka sayo domin sayarwa ko sarrafawa, da albashin ma'aikata, da hayar wurin aiki, da kuɗin wuta da man dizal, da gyaran inji, da dako da jigila, da kuɗin ruwan bashin da aka ci domin aikin kamfani, duk suna shiga. Abin da aka kashe wa gida ba ya shiga, tarar da aka ci kamfani saboda karya doka ba ta shiga, haka nan shi kansa harajin riba.

A nan ne nake so in daɗe, domin a nan ne ciwon yake. A bara, ana saura kwana tara wa'adi ya cika, wani bawan Allah mai kamfanin niƙa roba ya shigo ofishina riƙe da baƙar leda. Da ya zazzage ta a kan tebur, sai ga rasidai da rana ta cinye rubutunsu, da guntayen kwalin sukari da aka yi lissafi a bayansu da biro, da takardar kuɗin makarantar 'ya'yansa uku, da rasidin asibitin mahaifiyarsa, da na tayoyin mota huɗu waɗanda shi kansa bai tuna ko na motar ɗaukar kaya ba ne ko na motar gida. Da na tambaye shi nawa ya kashe a kan man dizal a shekarar, sai ya ɗaga kai sama ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ka sa miliyan goma sha biyar, ba zai gaza haka ba." Na yarda da shi ɗari bisa ɗari cewa bai gaza haka ba, domin na san yadda injinsa ke shan mai, amma jami'in haraji ba da yardata zai yi aiki ba. Mutumin nan ba macuci ba ne. Ya taso ne a tsarin da kowa ya taso a ciki, inda aljihun maigida da aljihun shago guda ne, in an zo da maganar cefane ko gudummawar biki a zura hannu a akwatin ciniki a ɗauko.

Wannan tsari yana iya tafiya a shago, amma ba ya tafiya a kamfani. Mafita kuwa mai sauƙi ce, kuma halastacciya. Mai kamfani ya yanka wa kansa albashi a matsayinsa na darakta, albashin da ya dace da aikin da yake yi, a riƙa biyansa kowane wata daga asusun kamfani zuwa asusunsa na kansa, a kuma cire harajin albashi a kai wa hukumar harajin jiha. Wannan albashi yana cikin abin da ake cirewa kafin a lissafa ribar kamfani, kuma daga cikinsa ne zai biya kuɗin makaranta da asibiti da cefane ba tare da kowa ya tuhume shi ba. In ɗansa ko ƙanensa yana aiki a wurin da gaske, shi ma a sa shi a takardar albashi maimakon a riƙa ba shi na kashewa a hannu. Abin da ya rage na riba in yana so ya kwasa, sai ya kwasa a matsayin rabon riba, wanda ake cire masa kashi 10 cikin ɗari tun daga tushe. Inda kuma abu ɗaya yake yi wa gida da kamfani aiki, kamar mota ko janareta ko layin waya, sai a raba kuɗin gwargwadon amfani, a rubuta dalilin rabon tun farkon shekara, domin rabon da aka yi tun da wuri ya fi wanda aka ƙirƙiro a gaban mai bincike ƙarfi.

Akwai maganar zakka da sadaka, wadda nake yawan shan tambaya a kanta, kuma nakan ga ɓacin rai a fuskar mutane idan na ba su amsa. Kyautar da kamfani ya yi ba ta shiga cikin abin da ake cirewa sai in an ba da ita ga cibiyoyi da asusun da doka ta amince da su, kuma ko a nan akwai iyakar da ba a wucewa. Buhunan hatsin da aka raba wa maƙwabta da azumi, ko kuɗin da aka miƙa wa mabukaci a ƙofar masana'anta, ladarsu tana wurin Allah, amma kada a sa su a kiyasin haraji, domin za a fitar da su kuma kiyasin ya rushe.

Abu na biyu da ke rikita mutane shi ne sayen kadara. Mutum ya sayi inji na miliyan ashirin, sai ya ɗauka zai cire miliyan ashirin ɗin gaba ɗaya a shekarar, har ya sa rai cewa ba shi da haraji. Ba haka abin yake ba. Kuɗin inji ko mota ko gini jari ne, kuma doka ba ta karɓar ragin darajar da akanta ke rubutawa a littafi. Abin da take bayarwa a madadinsa shi ne rangwamen jari, wanda ake rarraba shi a kan shekaru bisa kason da ita ta ƙayyade wa kowane irin kaya. A tsohuwar doka, mota da injin aiki suna samun rangwamen farko na kashi 50 cikin ɗari, sannan kashi 25 a shekara, yayin da gini ke samun ƙasa da haka sosai. Sabuwar dokar ta sauya tsarin zuwa rabo daidai wa daida a kan shekaru, don haka wanda ya saba kiyasi da tsohon ma'auni lalle ne ya sake zama da akantansa. Sannan a kula da bambancin gyara da ƙari: sauya bel ko wuƙaƙen injin niƙa gyara ne, ana cire shi a shekarar, amma gina sabon ɗakin ajiya ko sayo injin da ya fi na da girma jari ne. Wani sharaɗi kuma da sabuwar dokar ta zo da shi, wanda ya kamata 'yan kasuwarmu su buɗe kunne su ji, shi ne cewa kayan da aka shigo da su ba a biya musu kuɗin kwastan ba, ko kuɗin da ya kamata a ɗora masa harajin VAT amma ba a ɗora ba, ba za a yarda a cire su ba. Arhar da aka samu a kan injin da ba shi da takardun kwastan tana iya komawa tsada idan lokacin haraji ya zo.

Bari in kawo misali da lambobi, wanda na tsara shi domin bayani kawai. A ɗauka kamfanin niƙa roba ya yi cinikin naira miliyan 180 a shekara. Ya sayi tsofaffin robobi na miliyan 132, ya kashe miliyan 14 a wuta da dizal, miliyan 9 a albashi, miliyan 7 a buhuna da dako da mota, miliyan 3 a gyare-gyare, miliyan 2 a haya, miliyan 1 a kuɗin ruwan banki. Jimla miliyan 168 ke nan, saura miliyan 12. In rangwamen jarinsa na shekarar miliyan 4 ne, za a yanka harajin kashi 30 a kan miliyan 8, wato miliyan 2 da dubu 400. Sannan akwai harajin raya ƙasa na kashi 4 cikin ɗari da sabuwar doka ta kawo a madadin harajin ilimi da wasu ƙananan haraji, wanda ake lissafawa kafin a cire rangwamen jari, wato dubu 480 a kan miliyan 12. Duka-duka bai kai miliyan 3 ba, kuma kamfanin zai iya ɗauka. To amma a ce mai bincike ya zo ya ƙi amincewa da miliyan 30 daga cikin kuɗin robobin saboda babu wata shaida. Nan take ribar da ke kan takarda ta koma miliyan 42, harajin riba ya koma miliyan 11 da dubu 400, na raya ƙasa ya koma miliyan 1 da dubu 680, jimla ta haura miliyan 13. Ma'ana, ana neman mutum ya biya fiye da duk abin da ya samu a shekarar. Kowace miliyan ɗaya da ta rasa shaida, naira dubu 340 take jawo wa mai ita.

Wani zai tambaya, to ina ɗan jari-bola zai samo rasidi? Tambaya ce mai kyau, kuma ita ce gaskiyar kasuwancinmu. Wanda ke sayen roba a hannun yaran da ke turo kura, da wanda ke sayen hatsi a kasuwar ƙauye ko a Dawanau, da wanda ke biyan 'yan dako a bakin mota, duk suna hulɗa ne da mutanen da ba su da takarda mai tambari. Amma rashin rasidi daga mai sayarwa bai hana mai saye ya ajiye tasa shaidar ba. Abin da nake sa abokan hulɗata su yi shi ne su ajiye littafi mai lambar shafi a gefen sikeli, kowane awo a rubuta rana da nauyi da farashin kilo da sunan wanda ya kawo, ya sa hannu ko ya dangwala. Manyan dillalai kuma a biya su ta banki daga asusun kamfani, a rubuta abin da aka saya a wurin bayani. Kuɗin da za a ciro domin sayayyar hannu a ciro shi daga asusun kamfani, yadda abin da aka ciro a mako zai yi daidai da abin da littafin sikeli ya nuna. Rasidin gidan mai kuwa a ɗauki hotonsa da waya a ranar, domin tawadarsa ba ta kai wata uku. Idan nauyin da aka saya ya yi daidai da nauyin da aka niƙa aka sayar, bayan an cire datti da ruwa, to lissafin yana kare kansa da kansa. A kuma adana waɗannan takardu aƙalla shekara shida, domin bincike yana iya komawa baya.

Sauran abubuwan ba sa bukatar dogon bayani. Bashin da ya mutu ana cire shi, amma sai an nuna cewa an bi shi an gaji. Asarar shekara ana tafiya da ita gaba a cire ta daga ribar shekarun da ke tafe, muddin an miƙa bayaninta ga hukuma. Harajin da abokin ciniki ya cire tun daga tushe lokacin da yake biyan kamfani ba kuɗin da ya ɓata ba ne, ajiya ce da za a rage daga harajin ƙarshen shekara, saboda haka a bi sawu a tabbatar an kai shi da sunan kamfanin da lambar harajinsa.

Shi kiyasin kansa, shawarata ita ce a riƙa yin sa duk bayan wata uku. A tara ciniki, a tara kashe-kashen da ke da shaida a gefe guda, waɗanda ba su da ita a wani gefen, a yi lissafin haraji da na farkon kaɗai, sannan a ware kuɗin a wani asusu da ba a taɓawa. Amfanin haka biyu ne. Mai kamfani zai ga tun da sauran lokaci ko cinikinsa ya doshi iyakar ƙananan kamfanoni, kuma zai ga girman kuɗin da ke zaune babu shaida alhali mutanen da aka biya suna nan kusa, ana iya nemo su su sa hannu.

Daga ƙarshe ina da magana da ita hukumar. Doka ta ba ta ikon yanka haraji bisa kintacenta idan kamfani bai miƙa bayani ba ko bayanin bai gamsar ba, kuma ba na jayayya da wannan iko, domin akwai masu ɓoye ciniki da gangan. Amma sana'o'inmu da yawa ciniki ne mai yawa da riba siririya, kuma kintacen da bai san wannan ba yana iya rufe masana'antar da ke ciyar da gidaje ashirin. Mutane ƙalilan ne suka san cewa suna da kwana 30 su rubuta ƙin amincewa da abin da aka yanka musu, kuma in ba a daidaita ba akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda reshenta na Arewa maso Yamma yake Kaduna. Da yawa sukan ajiye takardar a aljihun mota har wa'adin ya wuce, abin da aka yanka ya tabbata a kansu. Ina kira ga hukumar NRS da ta fitar da bayani da Hausa, a rubuce da kuma ta gidajen rediyo, wanda zai jera abin da ake cirewa da wanda ba a cirewa da kason rangwamen jari na sabuwar doka. Ina kuma roƙonta ta fito fili ta faɗi irin shaidar da za ta karɓa a sayayyar da ake yi da masu ƙaramin ƙarfi marasa rasidi, ta yadda littafin da jami'i ɗaya ya karɓa a bana, wani jami'in ba zai yi watsi da shi baɗi ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu masana'antu na Sharaɗa da Bompai da Challawa su ma suna da rawar takawa, domin suna iya gayyato jami'an haraji da akantoci su zauna da mambobinsu tun watan Janairu, maimakon kowa ya riƙa fama shi kaɗai a ƙarshen Yuni.

Na gode da wannan dama da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani mai rubuta wa ƙananan kamfanoni lissafi,
Kano.